Hayaƙin Salansa Bayan Mota Ta Daɗe a Ajiye

Motar da ta yi wata shida, ko shekara, ko fiye da haka ba a tayar da ita ba, da wuya ta tashi ba ta yi hayaƙi ba. Dalilan ajiye mota suna da yawa. Wani doguwar tafiya ya yi, wani rasuwa ya yi ana jiran rabon gado, wani kuma tsadar fetur ce ta sa ya jingine tasa, kamar yadda aka gani a gidaje da dama a Nijeriya bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Haka nan motocin da ake shigowa da su ta Kwatano ko ta Legas, akwai masu yin watanni a tsaye a tashar jirgin ruwa ko a wurin dillalai kafin su sami mai saye. Ranar da aka ɗora batir aka murɗa makulli, hayaƙi ya turnuƙe ta baya, sai hankalin mai mota ya tashi. A nan ne ake yawan yanke hukunci cikin gaggawa, a ce inji ya mutu, sai an sauke shi. Sau da yawa kuwa ba haka abin yake ba. Hayaƙin mintunan farko bai isa hujja ba. Abin da ke faɗar gaskiya shi ne launin hayaƙin, da warinsa, da lokacin da yake fitowa, sannan uwa uba, ko yana ɗaukewa ko yana nan bayan inji ya ɗauki zafi.

Zama ba ya yi wa inji kyau. Idan ya tsaya, baƙin mai yakan tsiyaye daga bangon silinda da saman inji ya koma kaskon ƙasa, ya bar ƙarfe a bushe. Duk inda inji ya tsaya kuma, akwai silindar da bawul ɗinta ke buɗe, don haka iska mai laima tana samun hanyar shiga, ko ta salansa ko ta wajen shan iska. Damina ɗaya ta isa ta bar tsatsa a bangon silinda. Robobin da ke tare mai sukan bushe su taurare, balle a ƙasa mai zafi. Fetur ɗin da ke tanki, sashensa mai saurin kama wuta yakan tsere ya bi iska, ragowar kuma ta yi duhu ta fara zama danƙo. A cikin wata uku zuwa shida ma ana iya ganin alamar hakan. Ga ɓeraye masu neman wurin haihuwa, ga zanzaro mai gini a bakin kowane bututu, ga ƙurar hunturu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da irin hayaƙin da yake jawowa.

Binciken yana farawa ne tun kafin a taɓa makulli. Da farko a turo motar waje, fili mai iska. Hayaƙin inji yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kisa a rufaffen gareji cikin ɗan lokaci, ba tare da mutum ya ankara ba. Daga nan a zaro sandar duba mai, a ga inda man ya tsaya, a dubi launinsa, a sansana. A buɗe lagireto a ga ruwa. A buɗe akwatin filtar iska. Idan motar ta haura shekara a tsaye, ko ruwan ambaliya ya taɓa isa wurinta, abin da ya fi shi ne a kwance filogi duka, a ɗiga ɗan baƙin mai a kowace silinda, a juya inji da sifana a hankali. Dalili shi ne ruwa ba ya matsuwa. In ya taru a saman fistin aka buga sitata, ƙarfen da ke riƙe da fistin zai iya lanƙwashewa nan take, ƙaramar matsala ta koma babba. Sai dai wanda ya ɗiga mai a silinda ya sani cewa shi ma wannan man zai ƙone ya yi hayaƙi na 'yan mintuna, kada ya ɗora wa inji laifin da ba nasa ba.

Idan inji ya tashi, a bar shi a silo. Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, ta take totur har ƙasa da zarar mota ta kama, wai don inji ya kakkaɓe dattin da ke cikinsa. Wannan ɓarna ce tsantsa. A daƙiƙun farko mai bai gama zagayawa ba, ƙarfe na gugar ƙarfe, kuma ringin fistin da ya ɗan maƙale, wanda da an bi shi a hankali zai saki, a nan yake karyewa ko ya karce bangon silinda.

Farin hayaƙi shi ya fi yawa, shi kuma ya fi ruɗa mutane, domin abubuwa biyu ne masu kama da juna a ido: ɗaya ba komai ba ne, ɗaya kuma babban aiki. Na farkon tururi ne kawai. Duk litar fetur ɗaya da inji ya ƙone tana haifar da kusan litar ruwa ɗaya, wanda ke fita a matsayin tururi. Idan salansa tana da sanyi, tururin yakan koma ruwa a cikinta, shi ya sa ake ganin ruwa na ɗiga daga bakin bututu. Motar da ta daɗe a ajiye kuwa, an riga an sami ruwan laima ya taru a tukunyar salansa, sai zafi ya dafa shi ya ƙare. Irin wannan hayaƙi ba shi da kauri, yana watsewa kafin ya yi taku biyu ko uku daga mota, kuma yakan ɗauke cikin minti 10 zuwa 20. In ruwan da ya taru yana da yawa, zai iya kai rabin awa. Yanayin gari ma abin lura ne. Da sanyin safiyar hunturu, ko lafiyayyar mota tana fitar da farin tururi. Amma da tsakar rana a watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri, tururi ba ya ko ganuwa, don haka farin hayaƙi mai kauri a irin wannan lokaci abin zargi ne.

Na biyun shi ne ruwan lagireto da ke shiga silinda yana ƙonewa tare da fetur. Yawanci gasket ɗin da ke tsakanin jikin inji da kansa, wanda kanikawa ke kira tof silinda, shi ne ya ci, wani lokaci kuma kan injin ne ya tsage. Hayaƙin yana da kauri, yana tsayawa a iska, kuma zafin inji ba ya rage shi. Littattafan gyaran mota sukan ce ana gane shi da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kuma gaskiya ne idan ruwan sanyaya inji na kanti aka zuba, mai sinadarin gilaikol. To amma motoci da yawa a ƙasar Hausa ruwan famfo ko na rijiya suke sha, wanda ba shi da wannan ƙamshi, don haka hanci kaɗai ba abin dogaro ba ne. Shi wannan ruwan zalla ma shi ne sau da yawa tushen matsalar, domin ba shi da maganin tsatsa, kuma idan ya yi shekara a kwance tsakanin baƙin ƙarfe da alminiyam, yakan ci gefen gasket a hankali.

Alamomin da ke tabbatar da shi suna nan a fili. Ruwan lagireto yana raguwa alhali babu inda yake zuba a ƙasa. Idan aka buɗe murfin lagireto tun inji na da sanyi, sannan aka tayar, za a ga kumfa tana tasowa ba ƙaƙƙautawa; murfin nan kuwa ba a buɗe shi da zafi, domin ruwan zai yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. Tiyon sama na lagireto yana yin tauri cikin minti ɗaya ko biyu, tun kafin inji ya ɗumama. Man da ke jikin sanda ya koma kamar shayi mai madara. A nan akwai inda ake kuskure: ɗan farin kitse a ƙarƙashin murfin zuba mai ba hujja ba ne a motar da ta daɗe a tsaye, laima kaɗai tana iya kawo shi. Sandar duba mai ita ce alƙali. Gareji mai kayan aiki yana da gwaji biyu masu yanke gardama. Ɗaya famfo ne da ake ɗaurawa a bakin lagireto a hura iska zuwa kusan bar 1 a ma'aunin matsi, a zuba ido a ga ko allura za ta sauka. Ɗayan wani shuɗin ruwa ne da ake sawa a bututun gilashi a bakin lagireto. Idan hayaƙin silinda yana shiga ruwan, sai ya rikiɗe ya koma rawaya. Da zarar an tabbatar, a kashe inji. Tuƙa mota a wannan hali yana lanƙwasa kan inji, ruwan da ya gauraya da mai kuma yana cinye metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu.

Akwai wani farin hayaƙin da ba safai ake tuna shi ba. Idan robar masta ta birki ta lalace a zaune, man birki yakan zuba cikin sabo (servo), wato tukunyar da ke ƙara wa birki ƙarfi, inji kuma ya zuƙe shi ta tiyon da ya haɗa su. Alamarsa ita ce kofin man birki ya yi ƙasa, ba a kuma ga jiƙa a bayan kowace taya ba. Motar da ke wannan hali ba ta da birkin da za a amince da shi.

Shuɗin hayaƙi, ko mai ruwan toka da shuɗi-shuɗi, baƙin mai ne ke ƙonewa. Yana da ƙauri mai kama maƙogwaro. A cikin hasken rana yakan yi kama da fari, don haka ya fi kyau a dube shi ta jikin bango mai duhu. Akwai kuma dabara mai sauƙi: a riƙe farar takarda kamar tazarar tafin hannu daga bakin salansa na rabin minti. Ɗigon ruwa zai bushe bai bar komai ba, ko ya bar ɗan tabo maras maiƙo. Mai zai bar ɗige-ɗige masu maiƙo, waɗanda idan aka ɗaga takardar ga haske za a ga sun ratsa ta. Fetur da ya yi yawa kuwa busasshiyar kunkunniya yake bari, mai gogewa da yatsa.

Hanyoyin da mai ke bi ya shiga silinda ba su da yawa, kuma lokacin fitar hayaƙin shi ke nuna wadda ya bi. Ta sama, akwai 'yar roba a wuyan kowane bawul mai hana mai gangarawa. Idan ta bushe, mai yana ɗiga a hankali duk tsawon lokacin da mota ke tsaye. Shi ya sa ake ganin hayaƙi ya yi gajimare da zarar an tayar, ya ɗauke bayan 'yan daƙiƙu, sannan ya dawo idan mota ta daɗe a silo, kamar a cunkoso ko a gaban danja, aka zo tashi. Haka kuma idan aka sauko doguwar gangara ba a taka totur ba, sannan aka taka, sai a ga ya bugo ta baya. Dalili shi ne duk lokacin da totur ke rufe, ƙarfin zuƙar inji yana ƙaruwa, ya jawo mai ta wuyan bawul.

Ta ƙasa kuwa, ringi ne. Yawancin fistin suna da ringi uku: biyu na sama suna riƙe matsi, na ƙasa yana share mai daga bangon silinda. Kowannensu yana zaune a cikin tsagi, kuma dole ya sami damar motsawa ya manne da bango. Tsohon mai da tsatsa sukan liƙe shi a cikin tsagin. Hayaƙin ringi ba ya jiran silo. Yana ƙaruwa idan aka taka totur, ko aka ɗauko kaya, ko aka kama hawa, kuma ba ya ɗaukewa. Idan aka cire murfin zuba mai inji na silo aka ga hayaƙi yana bugowa da ƙarfi daga ramin, wannan ma yana nuna matsi na tserewa ta gefen fistin.

A nan ne haƙuri ke da riba, domin ringin da ya maƙale daban yake da ringin da ya cinye. Wanda ya maƙale yakan saki da kansa idan aka juye tsohon mai, aka sa sabo da sabuwar filta, aka riƙa tuƙa motar a hankali tana ɗaukar zafi tana hucewa. Zafin aikin inji kusan digiri 90 ne a ma'aunin Salshiyas, kuma silo a ƙofar gida ba ya kai mai ga wannan zafi yadda ya kamata, sai an hau titi. Tafiyar 'yan ɗaruruwan kilomita takan nuna bambanci. Bakaniken da ya ce a yi wa inji ringi a ranar farko, bai auna komai ba, ya yi gaggawa, ko da kuwa niyyarsa mai kyau ce. Haka shi ma mai ba da shawarar a zuba mai mafi kauri, ko maganin gwangwani mai hana hayaƙi, ɓoye alamar kawai yake yi, man mai kauri kuma yana daɗewa bai isa saman inji ba da safe.

Kafin a zargi ringi ko bawul, akwai ƙananan abubuwa da ya wajaba a kawar. Idan an cika mai ya wuce alamar sama, a rage. Akwai ɗan bawul ɗin numfashi da ke mayar da tururin mai daga cikin inji zuwa wajen shan iska; idan ya liƙe, inji zai riƙa shan mai ta nan, alhali kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Mota mai tabo (turbo), a cire tiyon da ke fitowa daga tabon a duba: ɗan maiƙo ba laifi, amma mai a kwance yana nuna tabon ya fara saki. Sannan ko an gyara matsalar, man da ya riga ya taru a salansa zai ci gaba da hayaƙi har sai ya ƙone ya ƙare.

Baƙin hayaƙi ya fi sauƙin ganewa, gyaransa ma yawanci ya fi arha. Fetur ne ya fi ƙarfin iska. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, idan aka auna da nauyi. In iska ta ragu ko fetur ya ƙaru, ragowar ba ta ƙonewa sosai, sai ta fita baƙa, da warin ɗanyen fetur mai sa ido hawaye. Wurin farko da ake dubawa shi ne akwatin filtar iska, inda ake yawan tarar da tsummoki da ɓawon gyaɗa da takardun da ɓera ya tara. Tsofaffin motoci masu kafireto, irin Peugeot 504 da 505 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, danƙon tsohon fetur yakan liƙe allurar da ke tsayar da mai idan kofin kafireto ya cika, sai fetur ya yi ta malala. Ko kuma cok ya maƙale a rufe. A motoci masu nozul, ana iya samun nozul ɗin da ya kasa rufewa yana ɗiga, ko ɓera ya ci wayar sansa mai auna zafin ruwa, ƙwaƙwalwar mota ta ɗauka har yanzu inji na da sanyi, ta yi ta ƙara mai. Tsohon fetur kuwa ana gane shi idan aka ɗiba a kwalba: ya yi ja ko ruwan ƙasa, yana warin fenti. Ba a gyara shi da ƙara sabo kaɗan a kai. A zuƙe tankin, a canza filtar mai.

Arhar gyaran ba ta sa a yi sakaci da shi. Fetur da ya yi yawa yana wanke mai daga bangon silinda, ya gangara kasko ya tsinka baƙin mai. Duk wanda ya ga man injinsa yana ƙaruwa maimakon raguwa, yana kuma warin fetur, to abin da ke faruwa ke nan. Ɗanyen fetur idan ya isa katalis, wato matatar hayaƙi da ke jikin salansa, yana ƙonewa a can, ya narkar da shi. Fitilar inji da ke kan dashbod idan tana ƙiftawa, ba a tsaye take ba, gargaɗin wannan haɗari take yi. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da soket ɗin OBD-II da ake jona na'urar bincike. Lambar P0172 tana nufin fetur ya yi yawa, P0300 kuma tana nufin silinda na tsallake wuta.

Injin gas, wato dizal, yana da nasa hukunci. Farin hayaƙi mai yaji a ido da safe, yawanci gas ne da bai ƙone ba, saboda hita ta mutu, ko iska ta shiga layin mai, ko ruwa ya taru a tanki. Haɗarin da ya keɓanta da shi shi ne yana iya shan baƙin mansa a madadin gas, musamman idan tabo ya saki, ya yi ta gudu ko an zare makulli. Abin da ke tsayar da shi shi ne toshe masa hanyar iska da abu mai tauri, ba da hannu ba, ko a sa babbar giya a take birki a saki kuloci.

Ba duk hayaƙi ne daga salansa yake fitowa ba. Wanda ke tasowa daga ƙarƙashin bonet yawanci mai ne da ya tsatso ta gasket ɗin murfin bawul ya ɗiga a kan manifol, ko ƙura da ganye da sheƙar ɓera suna ƙonewa. Motar da ciyawa ta tsiro ta bushe a ƙarƙashinta, a share wurin kafin a tayar, domin zafin katalis ya isa ya kunna wuta. Warin ƙonewar waya kuwa, a cire kan batir nan take.

Idan inji ya yi zafi, an ɗan zagaya da motar, hayaƙi bai ɗauke ba, sai a koma ga filogi. A kwance su a jera su bisa tsarin silindarsu. Mai ruwan ƙasa-ƙasa a bushe lafiya lau yake. Baƙi a bushe yana nuna yawan fetur, baƙi mai maiƙo yana nuna mai. Wanda ya fita fes cikin 'yan'uwansa masu datti, shi ne abin tsoro, domin tururin ruwan lagireto ne ya wanke shi. Daga nan sai gwajin matsi, wanda ake yi da geji a ramin filogi. Lafiyayyen injin fetur yakan ba da tsakanin bar 9 zuwa 12, amma abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne kada bambancin silinda da silinda ya wuce kusan kashi 10 cikin 100. Silindar da ta yi ƙasa, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake aunawa. In matsi ya tashi, ringi ne, domin man ya toshe giɓin na ɗan lokaci. In bai motsa ba, bawul ne ko gasket. In kuwa silinda biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gasket ɗin da ke tsakaninsu ne ya ƙone. Robar wuyan bawul ba ta nunawa a wannan gwaji: inji zai ba da matsi mai kyau, ga kuma shuɗin hayaƙi kowace safiya.

Awon ƙarshe shi ne yawan man da inji ke sha. A cika shi daidai alamar sama a wuri mai shimfiɗe, a rubuta kilomitar da ke kan mita, a sake dubawa bayan kilomita 500, sannan bayan 1,000. Idan shan man yana raguwa daga awo zuwa awo, ringi na saki, babu dalilin buɗe inji. Idan ya tsaya a sama da lita ɗaya a kilomita 1,000, gyara ya wajaba, kuma sakamakon gwajin matsi ne zai nuna girmansa. Robobin bawul, a injuna da yawa ana canza su ba tare da an ɗaga kan inji ba, ta hanyar hura iska a silinda don ta riƙe bawul ɗin a sama. Gasket yana buƙatar a ɗaga kan inji, a kai shi a auna shimfiɗarsa, a goge shi in ya lanƙwashe, kafin a ɗora sabo. Ringin da ya cinye ko ya karye, da bangon silindar da tsatsa ta rarake, su ne ke sa a sauke inji gaba ɗaya.